Dutsen Taimamar Baba

Zuwa ga Yaya Isufu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, duk inda kake. Ƙanwarka Rabi ce daga Paraku.

Yaya, na gaji. Tun ranar da aka je lakwal ɗinku, makarantar da kake koyarwa a Jugu, aka tafi da kai da sauran malaman da suka yi yajin aiki, ba ofishin da ban shiga ba. Kowa ya kira ni kamarad, ya ce sunanka ba ya wurinsa.

Ka tuna dutsen nan da Baba ya tsinto a hanyar Tawa, lokacin yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya? Don taimama yake ajiye shi a mota. Kai ka lura da shatin katantanwa a jikinsa, ka ce shaida ce wurin ya taɓa zama teku, kuma halittu suna sauyawa a hankali. Baba ya ce tunda gwamnati ta koya muku raina na gaba, to ka kawo masa ƙashin wanda ke tsakanin kifi da akuya.

Ka yi dariya ka ce: "Baba, ƙasa ba ta adana kowa. Rashin ganin sawu ba ya nufin ba a bi hanyar ba."

Kun yi ta wannan musu har tuwo ya huce, ni ce mai ɗumamawa. A lokacin haushinku nake ji. Yanzu gidan ya yi shiru, ba na son sa haka.

Su Kawu sun zo daga Titiru, sun ce a yi maka sadakar mutuwa a huta, matarka ma ta san matsayinta. Har da ni a masu cewa to, don zaman jira ya cinye ni. Baba ya ƙi. Bai sauya hali ba, abin da ya gaya maka shi ya gaya musu: "Ku nuna mini ƙashi."

Jikinsa ya yi rauni, ruwa yana tayar masa da ciwo, ya koma taimama. Akwai duwatsu a tsakar gida, amma wannan kaɗai yake yarda a miƙo masa. Kullum yana shafa shi, har shatin ya fara shafewa.

Idan kana raye, Yaya, ka aiko da alama, ko tsumman rigarka ne, kafin ya shafe duka. Idan kuwa ƙasa ta karɓe ka, Allah ya sa ta yi maka sauƙi, ya nuna mana wurin, ya ba Baba ikon yarda.

Taka,
Rabi