Na Kwashe Allunan Layinmu Ina Jiran Hukuma

Gwaggo, ki agaza mini da shawara kafin in rasa mutuncina da abincina a mako guda.

Ni mai zanen allunan shaguna ne, shekara ashirin da bakwai ina riƙe da buroshi. Daga kan kwana har bakin tasha, babu allon da ba aikin hannuna ba. Kan ɗan gayun da ke ƙofar mai aski ni na zana shi, har da ƙyallin goshi. Ba yabon kai ba, kifin da na yi wa mai kifi sau biyu kyanwa tana kai masa hari.

To, kwanaki aka yi dokar nan da ta kafa hukumar al'adu da fasaha ta ƙasa. 'Yata da ke jami'a ta bugo mini ita, shafi arba'in da biyu, na karanta har inda idona ya iya. Dokar ta ce za a yi wa masu fasaha rajista a ba su kati. Ba zan ɓoye miki ba, katin nan ya shiga raina. Tun ina saurayi "mai fenti" ake ce mini, sai ka ce mai shafe bango. Surukina ma haka yake gabatar da ni ga baƙi, kuma abin yana yi mini ciwo.

Na je ofishinsu a hawa na uku, kujerun ko ledarsu ba a cire ba. Jami'in da na tarar ya ce sashe na sha tara ya wajabta wa mai nema ya baje kolin ayyukansa a wuri mai rufi, mai dubawa ya zo ya gani da idonsa. Na ce ayyukana suna bakin titi, in ya leƙa ta tagarsa ma zai hango biyu. Ya ce titi ba shi da rufi.

Sai na yi dabara. Na bi masu shago goma sha ɗaya na roƙi aron allunansu na mako ɗaya. Da kaina na hau tsani na kwance su, na jera a falonmu, wanda cikin ikon Allah yana da rufi.

Gwaggo, yau mako bakwai. Da farko aka ce ba a naɗa mai dubawa ba. Da aka naɗa shi, aka ce kwamitin da zai ba shi fom bai zauna ba. Da na koma, kwamitin ya tafi taron bita a kan yadda ake zama. Jiya aka ce mini mako mai zuwa.

Matata sai ta karkace ta wuce allon mai facin taya kafin ta kai kicin. Surukata ta zo gaisuwa, ta wuni a ƙarƙashin "Ana Sayar da Ƙanƙara". Yanzu a gidan Darakta ake kirana, kuma na san ba girmamawa ba ce.

A layi abin ya fi muni. Baƙi suna wuce mai aski. Wata tsohuwa ta shiga wurin tela neman maganin tari. Telan ya gaji, ya tafi wurin mai buga bana, wato allon leda, da kwamfuta, a wuni ɗaya aka yi masa. Sauran goman sun ba ni zuwa Asabar. In suka bi tela ba za su dawo ba, don kwamfuta ta fi ni sauri da araha. In kuma na mayar da allunan, mai dubawa ya zo ya tarar da falo wayam, duk wahalata ta tashi a banza. Yaya zan yi?

Mai Buroshi

*

Malam Mai Buroshi, sannu da baje koli.

Na yi dariya har sai da na cire tabarau, daga baya kuma tausayi ya kama ni. Son katin ba laifi ba ne. Wanda ya shekara ashirin da bakwai a kan tsani ya cancanci a kira sana'arsa da sunanta. Dokar ma na nemo na karanta, akwai alheri a cikinta, ranar da ta tashi daga barci. Amma wanda ya rubuta sashe na sha tara bai taɓa riƙe wa mai zane gwangwanin fenti ba, a ganinsa fasaha sai an yanka kirtani an tafa.

Kai ma dai ba zan bar ka ba. Hukumar da aka kafa don raya fasaha, aikinta na farko a layinku shi ne kwashe duk fasahar da ke cikinsa a kulle a falo, kuma kai ka ɗaukar mata tsani.

Yau 'yarka ta ɗauki hoton allunan yadda suke a jere, da silin a ciki, tunda rufi ake so. Ka haɗa da takarda ka kai ofishin, su buga maka hatimi a kwafinka. Gobe, kada ka jira Asabar, ka mayar da kowane allo mazauninsa. Fara da mai aski. Duk wanda ya dushe ka sabunta shi kyauta. Tela kuwa ka je ka gaishe shi ba tare da gori ba, banar leda ba ta jure rana kamar fenti, zai neme ka. Uwargida a ba ta haƙuri, a share mata falonta. In kana da sauran ƙarfi, ka tara 'yan'uwanka masu zane ku rubuta ku nemi a gyara sashen. Mutum talatin sun fi mutum ɗaya damun kwamiti.

Hukuma ba ta san ka ba tukuna, saboda haka ba za ta yi kewarka ba. Amma mutum goma sha ɗaya sun yarda sun cire sunansu daga ƙofarsu don kawai ka roƙa. Na duba dokar daga farko har ƙarshe, ban ga lambar yabon da ta kai wannan ba. Kada ka sa su yi da-na-sani.

Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya bar maka mutanenka.

Gwaggo