Ɗinkin Faifai Ya Dawo Mini da Hankalina, Yanzu Yana Neman Kashe Auren Yayana

Assalamu alaikum 'yan wannan gurub mai albarka. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, 'yan garinmu suna da yawa a nan. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni ɗan wajen Damagaram ne, shekaruna ashirin da bakwai. Na zo Tamanrasset wurin yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya, yana da butik na kayan masarufi a kasuwa, ni kuma na shiga aikin gini. Shekara biyu ke nan da na faɗo daga bene a shantiye, wato wurin ginin da muke aiki, katakon da na taka ne ya karye. Na yi wata biyu a asibiti, daga ƙarshe likita ya gaya wa Yaya ƙashin bayana ya taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai wani ikon Allah. Tun ranar ban sake taka ƙasa ba.

Wallahi Yaya ya yi mini abin da ba kowane ɗan'uwa zai yi ba. Shi ke mini wanka, shi ke ɗaukata ya kai ni bayi, kafin ya tafi kasuwa sai ya juya ni ya shafa mini magani kada gyambo ya fito mini. Matarsa, Tanti nake ce mata, ba ta taɓa ɓata fuska kan wankin zanen gadona ba. Amma ni a wata shidan farko kamar gawa na zama, ba magana, abinci sai an yi da gaske, in juya fuska ga bango tun safe har la'asar. Fita ma ba dama, keken guragun da aka samo mini ba ya tafiya cikin rairayin unguwarmu, ga shi ba ni da takardu, in jandarma suka zo kame ba ni da ƙafar gudu. Har na fara wani irin tunani da bai kamata Musulmi ya yi ba, ba sai na ambaci sunansa ba.

Akwai wata tsohuwa Buzuwa maƙwabciyarmu, mutuniyar Agadas, muna ce mata Inna Takna. Takan shigo hira wurin Tanti da kabarta da basillarta tana ɗinkin faifai. Wata rana an fito da ni tsakar gida shan iska, sai ta miƙo mini kaba ta ce in tsaga mata, idonta ya yi rauni. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Ɗana, ƙafa na ji an ce ta mutu, ban ji an ce hannu ba." Kunya ce kawai ta sa na karɓa. Daga tsaga kaba ta koya mini rina ta da galura, daga nan ta sa mini basilla a hannu. Faifan da na fara yi ya fito a karkace kamar tsohuwar hular makiyayi, Tanti ta yi dariya har da hawaye, ni ma ban san sa'ad da na yi ba, kuma ita ce dariyata ta farko tun faɗuwata.

Jama'a ban san yadda zan bayyana muku ba. In na kama ɗinkin nan, hankalina yana kan ja nawa na sa, kore nawa ya rage kafin in juya zanen, sai in ji kiran azahar ban tuna da ciwon bayana ba. Na koma cin abinci, na koma salla a kan lokaci. Ba sayarwa nake ba, a bangon ɗakina Tanti ke rataya mini su, har akwai wanda na zana duwatsun da nake hangowa ta saman katangarmu.

Matsalar ta fara ne da wani abokin Yaya ya zo duba ni ya tarar da ni ina ɗinki. Da ya fita sai ya kai maganar kasuwa. Aka shiga tsokanar Yaya, wannan ya ce a yi masa faifai biyar zai aurar da 'yarsa, wani kuma a gaban mutane ya ce ai tunda ƙasan yaron ya mutu dole ya koma sana'ar mata. Yaya ya dawo ransa a ɓace, ya kwashe kabar da basillar, ya ce a zuriyarmu ba a taɓa namijin da ya yi wannan ba kuma ba za a fara a gidansa ba. Washegari ya sayo mini zare da allura ya ce in gwada ɗinkin hula. Na gwada wallahi, babu mai koya mini kuma zuciyata ba ta kama shi ba, cikin sati biyu na koma kallon bango.

Da Tanti ta ga haka sai ta karɓo mini kaba wurin Inna Takna a ɓoye. In Yaya ya fita in yi ɗinkina, kafin ya dawo mu tura ƙarƙashin katifa. Mun yi kusan wata biyu haka, sai ran nan yana juya ni ya ga jan galura a ƙarƙashin farcena, ya ɗaga katifar. Kan Tanti ya sauke fushinsa, ina jin su ta bango. Ya ce ta haɗa kai da ƙanensa sun mayar da shi abin dariya, ita kuma ta ce gara a yi masa dariya da a yi mana zaman makoki. Ya rantse in ya sake ganin kaba a gidan nan sai ta koma gidansu Maraɗi da takardarta. 'Ya'yansu uku, ga ta da ciki. Da safe ya shigo yi mini wanka kamar kullum, idonsa jawur, yana goge mini baya ya ce, "Ni ke zama a kasuwar nan, ba kai ba. Ka bar ni da abin da nake ji."

Yau sati uku ban taɓa basilla ba. Inna Takna, wadda nake ganin da za ta iya tausar Yaya, ta bi ɗanta zuwa garin Tazrouk inda ya samu aikin lambu. Tanti ta sake cewa za ta kawo mini, na ƙi, ba zan zama sanadin mutuwar aurenta ba bayan duk abin da ta yi mini. Na roƙi Yaya ya mayar da ni gida ya ce hanyar nan ba ta mai irin ciwona ba ce, kuma Innarmu ta tsufa, har yanzu a saninta karaya ce kawai take warkewa. Tunanin nan ya dawo mini, ya fi na da ƙarfi, kuma Yaya bai ma san na taɓa yin sa ba.

To me zan yi? In fito in gaya masa abin da ke cikin zuciyata, alhali ina tsoron ya ga kamar barazana nake masa? In nemi limamin unguwa ya yi masa magana, ko hakan zai ƙara fitar da maganar waje? Ko in haƙura da ɗinkin in jira abin da Allah zai yi da ni? Don Allah kada kowa ya zagi yayana, bai cancanci haka ba. Kuma kada ku ce mini in yi haƙuri kawai, shekara biyu haƙurin nake yi. In ku ne a kwance a inda nake, wanne za ku yi?