Ƙofar Gaban Gidan Hilda

Attercliffe, Sheffield
Talata, bayan tashi daga aiki

Zuwa ga Hilda, hasken idona, ranar da ke leƙowa bayan an yi mako ana ruwa, furen kan tudu da hayaƙin garin nan ya kasa dusashewa, sanyin zuciyata kuma ɗumin hannuna,

Kada ki yi dariya tukuna. Na san za ki yi, zan ma ji ta daga nan, tunda tsakar gida ɗaya ce tsakanin tagata da taki. Amma ki daure ki kai ƙarshe. Na yayyaga takardu da yawa kafin wannan, har murhuna ya ƙoshi.

Da wace kalma zan zo miki? A garin nan kalmar masoyi ta yi araha. Kwandastan bas yana ce wa ƙaton maƙeri, "Matsa ciki, masoyi." Mai soya kifi da dankali haka take ce wa ɗan sanda. Ke kanki kin sha ce mini, "Miƙo gishirin nan, masoyi," ba tare da kin ɗago kai ba. Yabo kuwa ya fi nama tsada. Mutuminmu zai ci abincin da bai taɓa cin mai daɗinsa ba, ya lashe faranti, ya ce, "Ba laifi." To ni da nake son in ce miki kin fi ruwan farko da ke wanke rufin gidaje, kin fi kukan tsuntsun nan da ke kan bututun hayaƙinmu da asuba, wa zai ɗauke ni da gaske? Shi ya sa na ga maganata ba ta baki ba ce. Ta ƙofa ce.

Shekara da shekaru ina shigowa gidanki ta ƙofar baya, kamar kowa. Na shigo aron sukari, na shigo gyaran famfo, na shigo ɗauke miki shanya lokacin da iska ta juyo da kunkunniyar masana'anta kan fararen zannuwanki. Duk wanda ya shigo ta baya maƙwabci ne, abin da ya faɗa a bakin murhu kuma hira ce, ana iya shanye ta da shayi a manta. Ƙofar gaba kuwa kin san masu ita: likita, amarya, da akwatin gawa. Namijin da ya tsaya a gabanta da kwat, dukan layi ya san abin da ya kawo shi, kuma ba shi da halin janye maganarsa.

Abin da ya kawo ni ke nan ranar Lahadin da ta wuce, Hilda. Ba famfo ba ne.

Na goge takalmi tun ranar Asabar. Na duba sama, na ga ba za a yi ruwa ba sai yamma. Daga ƙofata ta baya zuwa taki tsallake ne kawai, amma na fita ta lungu, na zagaya titi, furanni a hannu, ina tafiya labulaye na motsi ɗaya bayan ɗaya kamar ana yi mini fifita. Tsohuwa Staniforth ta gidan kusurwa ba ta ma wahalar da kanta da labule ba, ta fito bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. "Cyril, ɗan nan, wa ya mutu?" Na ce babu kowa. "Af, to Allah ya jiƙanka kai," in ji ta.

Na ƙwanƙwasa. Wayyo, zuciyata! Gudumar masana'anta da ke sa kofuna rawa a kan kanta ba ta kai ta bugu ba. Na ji takunki, na ji kin ja, na ji kin sake ja, ƙofa ta ƙi ko motsi. Ashe tun ranar da aka fitar da gawar mahaifiyarki ba a sake buɗe ta ba, danshi ya kumbura ta. Sai muryarki ta fito ta ramin jefa wasiƙa, daidai gwiwata: "Wane sakarai ne wannan da tsakar rana? Zagayo ta baya kamar mai hankali!"

Na zagayo. A cikin lungu ƙarfin halina ya zube, na tura furannin bayan rumbun kwal, na shigo na ce famfo na zo dubawa. Kika kalle ni daga takalmi har wuya, kika ce, "Iye, yau famfo ya yi babban baƙo." Na durƙusa da kwat ɗina ina murɗa abin da lafiyarsa ƙalau. A nan ne kika zuba mini shayi, kika ce Beryl ƙanwarki ta sake aiko miki daga Bridlington, tana so ki koma can ki taya ta riƙe gidan saukar baƙinta kafin masu hutu su fara zuwa, kuma za ki ba ta amsa ƙarshen watan nan. Me na ce? Na ce, "Ba laifi." Ni Cyril, da bakina!

Da laifi, Hilda. Da laifi babba.

Kin san ni da son auna abu kafin in yanke, aikin sito ya bar mini wannan hali. Na zauna na auna, kuma ba zan cuce ki ba. A can akwai teku da iska mai tsabta. Za ki shanya farin zane ki kwashe shi fari. Ba za ki ƙara naɗe ƙafafunki da takarda don tare datti kina tsaye a gaban injin goge cokula ba, ba za ki dawo gida hannuwanki baƙi ƙirin da mai da yashi ba. A nan kuwa kogi ruwan tsatsa, tsuntsayenmu baƙaƙe saboda hayaƙi, duk inda za ka je hawa ne, in za ka dawo ma hawa ne, ban taɓa gane yadda aka yi haka ba. Bayan gida a tsakar gida, ruwa yana daskarewa a cikinsa lokacin sanyi. A gefe guda kuma ga ni: mutum ya ba arba'in baya, gashi ya fara ƙaura, yana rubuta yanayin sama a littafi kullum kamar wani zai tambaye shi. Na sani, ma'aunin bai rinjayo wajena ba.

Amma kin tuna Agustan bara, ranar da muka hau bas har ƙarshen layi, muka taka zuwa kan tudu? Ciyawa ta yi fure ruwan shuni har iyakar ganin ido, tumaki suna kallonmu kamar mun ci musu bashi, iska ta fizge jan ɗankwalinki na bi shi da gudu har na nutse a taɓo. Muka zauna a kan dutse da burodi da kitsen nama, garin yana can ƙasa a cikin kwari, hayaƙi ya rufe shi ruf. Kika ce, "Dubi can, kamar tukunyar da aka manta a kan wuta." Can kika ce, "Amma tukunyarmu ce." Ranar nan ban rubuta yanayin sama ba. Me zan rubuta? Rana tana zaune kusa da ni, tana goge kitse a leɓenta!

Wa zai gane zolayarki a Bridlington? Baƙi masu biyan kuɗin ɗaki za ki ce wa sakarai? Wa zai buga miki taga da safe idan kin makara? Wa zai kawo miki miya ba tare da ya tambayi me ke damunki ba? Ni kuma tagar wa zan duba kafin in tafi aiki, in ga an kunna fitila, in san duniya tana nan daidai? Idan kika tafi, ya ke raɓar safiyata, hayaƙin da kika gani daga kan tudu a ƙirjina zai tare, kuma babu iskar da za ta kore shi.

Jiya da na dawo aiki na tsaya na duba ƙofar nan da kyau, tsohuwa Staniforth tana ba ni shawarar da ban nema ba. A ƙasa ta kumbura, ta gefen hagu. Zan iya zuwa da kayan aiki in ɓalle ta ni kaɗai, amma ba zan yi ba. Ba haka nake son shigowa ba. Wannan ƙofa aikin mutum biyu ce: ɗaya a ciki ya zare sakata ya ɗaga mariƙi sama, ɗaya a waje ya sa kafaɗa.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci zan dawo, da kwat ɗin nan, da sababbin furanni, don na bayan rumbun kwal sun riga mu gidan gaskiya. Zan ƙwanƙwasa a gaban dukan layi. Aurenki nake nema, Hilda. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Idan kika ce in zagayo ta baya, zan zagayo, ba zan ƙara tayar da maganar ba, kuma ni zan ɗaukar miki akwati zuwa tasha ranar tafiya. Idan kuwa na ji ƙarar sakata, to zan sa kafaɗa da dukan ƙarfin da Allah ya ba ni.

Wannan takarda ta ramin ƙofar gaba zan jefa ta, ko ba komai maganata ta riga ni shiga ta hanyar da ta dace.

Naki, a hawa da gangara, a ruwa da hayaƙi, har ranar da za a fitar da ni ta ƙofar gaba ban sani ba,

Cyril Bagshaw

Na kusa mantawa. Ki kawar da ɗan teburin nan na bayan ƙofa, mai tangaran mahaifiyarki. Idan ta buɗe, faɗowa zan yi.