Ramin Fundi Kasiani

Winnipeg, 10 ga Fabrairu, 2003

Ƙanwata Perpetua,

Marahaba, na amsa gaisuwarki. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki da gwiwar nan taki mai ƙorafi. Ni dai ina nan. Jiya na fita sayen burodi, kafin in dawo gashin bakina ya daskare. Aiki kuwa yana nan yadda kika sani: ina zaune cikin akwatin katako a ƙofar wurin ajiye motoci ina ɗaga musu sanda, ni da aka haifa magini ɗan magini.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Kin ce bakunan nan masu lanƙwasa da ke riƙe da rufin barandar gabas ta gidan sufaye sun tsage har mutum na iya zura hannu. Kin ce in ba a gyara kafin Agusta ba, kwamitin adana tsofaffin gine-gine ba zai sa gidan cikin waɗanda aka hana taɓawa ba, za a rushe shi, a kwashe tsofaffin sufayen nan shida a kai su wani gida can kan tudu, ke kuma ki rasa kicin ɗin da kika shekara ashirin da shida a ciki. Kin ce matar da kwamitin ya turo, Bi Zuhura, ta ce siminti ne ya kashe bangon, kuma ba abin da zai gyara shi sai farar ƙasar da ta daɗe a binne.

Ki gaishe min da Bi Zuhura. Shekara ashirin da tara ina jiran wani mai takardar makaranta ya faɗi wannan magana.

Kin san labarin, amma zan maimaita, don kullum kina mantawa da ɓangarena. Kakanmu ne ya ɗora bakunan nan da dutsen teku, Baba ya yi ta kula da su har ya rasu. Bangon dutsen teku numfashi yake yi. Ya sha ruwa da damina, ya fitar da rani, shi ya sa ko tsakar rana ka shiga barandar nan sai ka ji kamar an zuba maka ruwa a ƙeya, alhali a waje Tanga tana tafasa. Na gaya wa Fada Anselmi, shugaban gidan na lokacin, in ya shafa masa siminti ya toshe masa hanci ne. Ya ce zamani ya canza. Na ce zamani bai canza wa gishiri hali ba. Ya kore ni, ya kawo ɗan kwangila.

Ba zan yi masa ƙarya ba: na kira shi jaki, kuma a gaban bishop. Indararon da ya sa aka sauya ma daidai ne, ni ne ban gani ba lokacin. Amma a kan siminti ni ke da gaskiya.

E, akwai rami. Wata biyu kafin a kore ni na ƙona dutse a bakin teku, na kashe shi da ruwa ya zama farar ƙasa, na binne a cikin gidan lokacin da sufaye suka tafi addu'ar keɓewa ta mako guda. Wanda ya taya ni haƙa ya rasu. Abin da ke ramin ya isa a gyara barandar nan sau biyu. Kin kuma san abin da Baba ya koya mana, ba a buɗe ramin magini sai da bakinsa. To bakina a rufe yake. Fada Anselmi ya ɗauki alƙalami da hannunsa ya rubuto cewa ya yi kuskure, sannan mu yi magana.

Ki aiko min da citta da kanumfari in kin sami mai zuwa. Na nan ba su da ƙamshi, kamar mutanen.

Yayanki,
Kasiani

Tanga, 4 ga Maris, 2003

Yaya Kasiani,

Shikamoo. Gaisuwar ƙarami ga babba, yadda aka koya mana. Muna lafiya, an fara yayyafi. Gwiwa ta gode da tambaya.

Na kai wa Fada saƙonka. Ka san yanzu shekararsa tamanin da shida, kunne ya yi nauyi, sai da na yi ta ɗaga murya har masu sayar da kifi na bayan katanga suka ji sirrinmu. Da ya gane, sai ya tambaye ni ko har yanzu kana tafiya kamar agwagwa. Na ce ban sani ba, rabona da kai shekara goma sha ɗaya. Ya ce shi yatsunsa sun daina riƙe alƙalami. Yaya, da safen nan na gan shi yana ɓare gyaɗa da yatsun.

Sabon shugaban gidan, Fada Deo, da ya ji akwai rami, sai ya raba wa kowa fatanya. Da ka ga tsakar gidan da ka yi kuka ko dariya. Sun haƙa gindin mangwaro, sun haƙa bayan ɗakin ƙararrawa, sun haƙa wurin shanya. Abin da suka samu: kwalaben giya na zamanin Jamusawa guda tara, bututun ruwa wanda suka fasa, da ƙashin wani kare. Ɗan'uwa Kalisti ya faɗa ɗaya daga cikin ramukan yana karatun addu'a, littafin bai faɗi daga hannunsa ba. Fada Anselmi yana zaune a kujerarsa yana kallonsu, ya ce motsa jiki yana da kyau ga sufi. Wuri ɗaya ya hana su taɓawa, kwanar da yake shuka furanninsa na wardi, bayan ɗakin wanki. Ban ga abin da yake karewa ba. Tun kafin in fara aiki a nan yake shuka su, su yi rawaya, su mutu, ya sake shukawa. Safe da yamma yana ɗaukar bokiti yana ba su ruwa, ko ana fari. Ya ce kyanwoyin kasuwa ne ke kashe su.

Bi Zuhura ta shiga gidan ta kwana uku tana aune-aune. Ta ce duk gabar tekun nan ba ta ga bakuna irin na kakanmu ba, wai kowanne ya ɗan fi na bayansa faɗi, don iskar teku ta shigo ta rarrabu. Ta shafa ƙofar gaba mai sassaƙa kamar tana shafa jariri. Ni shekaruna a nan ban taɓa lura ba, kullum da tire nake wucewa. Ta sa an tokare bakunan da sanduna, amma ta ce in ruwa mai ƙarfi ya sauka ba ta da tabbas. An tambaya har garin Pangani, ba mai tsohuwar farar ƙasa, kowa siminti.

Kai da Fada ku biyun tsofaffin awaki ne. Amma ni ba a kan Fada nake roƙonka ba. Hannun Baba ne a bangon nan. In aka rushe, tashar motar da ke maƙwabtaka ce za ta haɗiye wurin, kwandastoci su riƙa fitsari inda aka yi mana baftisma.

Citta tana hanya.

Ƙanwarka,
Perpetua

Winnipeg, 25 ga Maris, 2003

Perpetua,

Marahaba. Citta ta iso, na gode. Na yi shayi, maƙwabcina ɗan Yukren ya ɗanɗana ya ce magani ne.

Da na zo wurin furanni a wasiƙarki, dariya ta kama ni a cikin akwatina har wata mata ta sauke gilashin mota ta tambaya ko in ta kira min likita. Bayan ɗakin wanki! Perpetua, duk faɗin gidan nan, mutumin nan bai ga inda zai shuka wardi ba sai kan ramina. Saiwa tana sauka ta taɓa farar ƙasa ta ƙone. Shekara ashirin da tara ina hukunta shi daga nan ban sani ba, ana ɗora wa kyanwoyi laifi. Ki ba su kan kifi a madadina.

Yanzu ki saurara, zan gaya miki abin da ban faɗa ba a wasiƙar farko. Ba fushi kaɗai ya rufe min baki ba. Farar ƙasa a rami tana son laima. Baba kowane rani yakan zuba wa nasa ruwa, kamar mai kiwon dabba. In aka kula da ita, kowace shekara ƙara laushi take. In aka bar ta ta bushe, dutse take komawa, ba ta da amfanin komai. Nawa ba wanda ya san da shi balle ya kula. Tsorona shi ne a taru, da Fada da matar kwamiti da ku duka, a buɗe ramin Fundi Kasiani, gwanin magini mai cika baki, a tarar da dutse. Shi ne abu ɗaya da na bari a garin nan da sunana. Gara min a ce na hana da a ce ba ni da shi.

Amma na kwana biyu ina ganin kwandastocin nan naki a idona. Kuma ba daidai ba ne Kalisti ya karye saboda rigimar da ba tasa ba.

Ga bakina, na buɗe. Ki tsaya a ƙofar ɗakin wanki, bayanki ga rijiya. Taku bakwai zuwa katanga, takun namiji, ba naki ba. A tumɓuke furannin, ki gaya masa ni na ce. A haƙa kamu huɗu, za a tarar da yashi, ƙarƙashinsa ganyen kwakwa, in bai ruɓe ba. A nan a ajiye fatanya a sa hannu. In taushi ne, a haɗa kashi ɗaya da kashi uku na yashin kogi, ba na teku ba. A fara ɓamɓare simintin duka, a bar bangon ya sha iska mako biyu. A shafa siriri sau uku, kada a yi gaggawa, a rufe da buhu mai laima.

In kuma dutse ne, kada ki yi min dogon bayani. Ki rubuto kalma ɗaya, zan gane.

Ban yafe wa kowa ba, ki sani. Don Baba na yi.

Kasiani

Tanga, 22 ga Afrilu, 2003

Yaya,

Shikamoo. Ka ce kalma ɗaya in dutse ne, to ka duba tsawon takardar nan ka kwantar da hankalinka.

Ranar Asabar aka haƙa. Da na karanta wa Fada Anselmi inda ka ce a tumɓuke furannin, na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce in sake karanta wurin da ka ce ka buɗe bakinka. Na sake. Ya miƙe da sandarsa, ya je ya cire na farko da hannunsa. Ba a ma ƙirga taku bakwai ɗinka ba, shi ya nuna inda za a fara da inda za a tsaya. Ban kawo komai a raina ba lokacin, hankalina yana kan ramin.

Ganyen kwakwa ya ruɓe. Bi Zuhura ta cire takalmi ta shiga da kanta, ta share yashin, ta zura hannu. Hannun ya nutse har gwiwa. Ta ɗago shi fari fat, abin yana maƙale kamar kindirmo. Ta ce a littafi kawai ta taɓa karanta irin wannan, ta kuma tambaya wane ne yake ba ramin ruwa duk shekarun nan, don ba ya yiwuwa ya zauna haka shi kaɗai. Fada Anselmi yana can yana duba sama kamar mai neman hadari.

An ɓamɓare simintin. Bangon ya yi ta zubar da ruwa kwana huɗu, warinsa kamar rijiyar da aka daɗe da rufewa. Magina biyu daga Pangani suna aikin, ɗayansu ya ce kakansa ya san Baba. Bi Zuhura ta ce za a gama kafin Agusta, kuma za ta rubuta wa kwamiti cewa gidan da aka gyara da kayan zuriyar da ta gina shi ba a rushe shi. Tana son cikakken sunanka da na Baba da na Kaka. Na ba ta. Ban gaya mata zancen jaki ba.

Ga wata 'yar takarda daga Fada Anselmi a ciki. Ashe yatsun sun warke.

Taka,
Perpetua

Fundi Kasiani,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai.

A kan siminti ka fi ni gaskiya. Na gane haka tun damina ta uku. Ramin kuwa na same shi shekarar da ka tafi, ina neman wurin shuka kabewa. Na yi aiki da mahaifinka shekara goma, na san ba a buɗewa sai da bakin mai shi, na kuma san yana son ruwa. Tsoho ba zai riƙa shayar da ƙasa tsirara safe da yamma ba tare da an kai shi asibiti ba, shi ya sa na shuka wani abu a kai. Ni ne na ce Perpetua ta rubuto maka.

Ban taɓa son wardi ba. Atishawa yake sa ni.

Jakinka cikin Almasihu,
Anselmi

Winnipeg, 15 ga Mayu, 2003

Fada,

Shikamoo.

Na karɓi takardarka. Rubutunka ya lalace.

Ka gaya wa mutanen Pangani kada su taɓa baka na biyar daga ɗakin ƙararrawa. Kaka ya karkatar da shi da gangan, za su ce kuskure ne su miƙe shi. Su bar min shi. Na nemi hutu, an ba ni mako uku a Yuli.

Abin da ya rage a ramin a mayar da yashi a rufe. Ka ci gaba da ba shi ruwa har in zo, daga nan na karɓe ka.

Kasiani