Tukuicin Yaya Hauwa da Dokar Zaurenmu

Zuwa ga Malam Habu, mai kula da zauren waya na ɗaliban ajin ƙarshe na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Malam yana lafiya, da iyali, da ɗawainiyarmu. Sunana Rabi'atu, ina ajin ƙarshe na sakandare a Gumel. Malam ba zai gane ni ba, domin tun da aka saka lambar Innata a zauren nan ban taɓa rubuta komai ba sai "amin" da "mun gode". Wannan ma sai da na rubuta ta a takarda sau uku kafin na kwafe ta a waya. Na saka ta a fili ne saboda a fili aka yi abin da zan yi magana a kai.

Zan fara da albishir. Sakamakon jarrabawar gwaji ya fito ranar Litinin, kuma na ci lissafi! Ni ce wadda malamarmu take tsokana da cewa idan aka ba ni lamba biyu in haɗa, sai na nemo ta uku ta raka su. Da na kai takardar gida, kakata Hajiya Kulu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ta haihu. Ba ƙoƙarina kaɗai ba ne. Da taimakon manhajar Yaya Hauwa ne, ita Yaya Hauwan da Malam ya cire daga zauren nan makonni biyu da suka wuce.

Na ɗaya, ga waɗanda suka shigo daga baya. Yaya Hauwa 'yar Maigatari ce, ta karanta kwamfuta, tana aiki a wani shagon buga takardu kusa da kasuwa. Ita ta haɗa manhajar lissafin nan da kusan kowannenmu yake da ita. Ba ta cin data, ana tura ta daga waya zuwa waya. Kana danna tambaya sai ka ji muryarta tana bayani da Hausa, da misalin buhunan zoɓo da tiyoyin riɗi. Abin da na yi shekara biyu ina haddacewa ban gane ba, na gane shi ranar da ta ce mu ɗauka raguna ne za a raba wa 'yan'uwa uku. Inna ma, idan tana tankaɗe ina saurare, takan riga ni ba da amsa.

Na biyu, laifin da aka ce ta yi. Ranar Asabar da hantsi ta turo sabon kashi, ta rubuta a ƙasansa: "Kyauta ce, a tura wa kowa. Wanda ya amfana kuma yana da hali, tukuicin naira ɗari biyu zai taimaka min da data da cajin kwamfuta. Wanda ba shi da shi, addu'a ta isa." Kafin azahar an goge saƙon, an cire ta, ba a tambaye ta komai ba. Amma manhajar tana nan, har yanzu tana saƙale a saman zaure inda Malam da kansa ya maƙala ta, ya ce kowa ya sauke. An fitar da mai tuwo, an ci gaba da cin tuwon.

Na uku, dokar da ta hana talla da roƙo doka ce mai kyau, kuma mun san dalilinta. Mun tuna lokacin da masu sayar da turare da masu cewa suna da amsar jarrabawa suka cika zauren, har tambayar ɗalibi takan nutse ba a gani ba. Malam ne ya share mana su, mun gode. Sai dai waɗancan sai ka biya kafin ka ga kaya, wani lokacin ma babu kayan. Yaya Hauwa ta ba da kayan tukuna, ba ta kulle komai ba, ba ta rubuta sunan wanda ya bayar ko wanda bai bayar ba.

Na ga wasu sun rubuta cewa ai tukuici ba a roƙonsa. Gaskiya ne, ni ma maganar ta tsaya min a rai, har na kai ta wajen Hajiya Kulu. Ta ce a gida ba a roƙonsa ne domin wanda ya kawo kyautar yana tsaye a bakin ƙofa, kwano a hannunsa, idonka cikin idonsa, kunya kaɗai ta isa ta tura ka ɗaki ka lalubo wani abu. Sai ta tambaye ni, "To ita 'yar nan taku, a wace ƙofa take tsayawa?" Ni daga wayar ƙawata na karɓi manhajar, ita daga wayar 'yar uwarta ta Gagarawa. Akwai waɗanda suke tsammanin gwamnati ce ta yi manhajar. A waya babu bakin ƙofa, Malam. Layukan nan uku da ta rubuta su ne tsayuwarta, kuma su aka goge.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Ba ni da asusun banki, kuɗin tara kuma ba ya kwana a hannuna. Hajiya Kulu ta auna tiya guda ta riɗi daga nata, ta ce, "Kai mata, kada a ce jikar Kulu ta ci kyauta ta goge baki." Ranar Alhamis na bi Babana kasuwar Maigatari. Na tsaya a ƙofar shagon na kasa shiga, sai da ta fito da kanta ta ce, "'Yammata, hoto ko bugu?" Muryar da na saba ji a waya ce, sai kawai na fashe da dariya. Da na miƙa mata riɗin da takardar sakamakona, ta yi ta juya takardar tana nuna wa masu jiran layi, kamar ita ta ci. Ba ta faɗi kalma mara daɗi ko ɗaya a kan Malam ba. Ta ce dai ta ji kunya, shi ya sa ba ta nemi a mayar da ita ba.

Kafin mu rabu ta tura min kashi na gaba, na kusurwoyi da da'ira, wanda shi ne yake kayar da yawancinmu. Yanzu haka yana wayar Inna. Jarrabawar fita ta matso, kuma na san 'yan Sule Tankarkar da na ƙauyuka ba su da hanyar samunsa sai ta zauren nan. Layukanta uku suna shafin farko. An ba ni shawara in turo ba tare da su ba. Ba zan iya ba.

Saboda haka ina roƙon Malam abu uku cikin ladabi. A mayar da Yaya Hauwa zaure. A ba ni izini in turo sabon kashin yadda ta ba ni shi. Sannan, idan ana tsoron masu turare su dawo ta wannan kafa, a ware rana ɗaya a mako, ko Alhamis ce, ga wanda ya yi abin amfani da hannunsa ya ba da shi kyauta, Malam ya duba tukuna, idan ya yarda sai mutumin ya faɗi sunansa da inda za a same shi.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da haƙuri da mu, ya sa ya ga sakamakonmu ya yi farin ciki. Idan kuma wannan wasiƙa ma ta karya doka, ina roƙon a ba ni yini ɗaya kafin a cire lambar. Ta Inna ce, kuma ta kai tambaya ta tara a kashin da'ira, gara ta ji daga bakina.

Wassalam.

Ɗalibarku,
Rabi'atu, daga Gumel.