Farin Gashi a Ƙugiyar Condy

Litinin, 12 ga Yuni

Yau ma bai ci ba. Na dama masa kunu, ya kawar da kai kamar guba na miƙa masa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye a watan Maris, Condy ba ya iya magana sai kalma ɗaya-ɗaya, ita ma sai na kasa kunne. Mijin nan nawa da in ya fara surutu a teburi har dankali ya huce bai kai aya ba.

Nas ta auna shi, ta tsuke baki. Ta ce in ya ci gaba da ramewa haka har ƙarshen Agusta, ba za su bar shi a hannuna ba, gidan kula da tsofaffi na cikin gari za a kai shi. Sorcha, 'yarmu, ta bugo waya daga Glasgow ta ce ita ma hakan take gani. Daga nesa komai da sauƙin faɗa.

Alhamis, 15 ga Yuni

Ya wuni yana kallon teku ta taga. Da la'asar ya ce, "Kifi." Na ce wane kifi? Ya nuna Baƙin Dutse da ke bakin teku da hannunsa mai lafiya. Kifin nan nasa da ake kira pollock yake so, na gindin dutsen nan da ya ƙare rayuwarsa a kai kowace bazara, ya bar ni da shanu da wanki.

Na tsani dutsen nan. Ban taɓa ɓoye masa ba.

Talata, 20 ga Yuni

Na sayo pollock a motar mai kifi, na soya da man shanu, na ce masa Packie maƙwabcinmu ne ya kamo a dutsen. Ya shinshina kawai, ya dube ni. Kai, wannan kallo! Baki ya mutu amma hanci na nan da ransa. Kullum yana cewa pollock ba ya kwana, in bai shiga kasko ranar da ya fito ruwa ba, a ba kyanwa.

Kyanwar ce ta ci. Na yi kuka a bayan gida, wurin shanya.

Lahadi, 2 ga Yuli

Bayan coci na ɗauko sandar fatsarsa da gwangwanin ƙugiyoyinsa. Shi ba ya sa tsutsa ko nama. Farin gashi yake ɗaura wa ƙugiya, ya wurga, ya yi ta naɗo zaren a hankali, kifi ya ɗauka ɗan ƙaramin kifi ne ke gudu. Daga jelar karenmu yake yankowa, karen kuma ya mutu bara. 'Yan kaɗan suka rage a gwangwanin.

Packie ya gan ni zan wuce, ya kusa sakin lofensa. "Nuala, ke ce da sandar Condy? Yau kifayen yankinmu na Donegal za su mutu da dariya, kin huta kamu." Na ce ya ji da ƙafarsa mai ciwo. Ya ce in dai na je, kada in kuskura in ba teku baya.

Na isa dutsen na wurga ƙugiya, ta maƙale a ciyawar ruwa. Na ja, zare ya tsinke. Na sake, haka. Na dawo hannu rabbana, gwiwa a ƙuje.

Juma'a, 7 ga Yuli

Ruwan sama tun safe. Cokali biyu na miya, shi ke nan.

Laraba, 19 ga Yuli

Yau na ji abu ya taɓa ƙugiyar, ɗan tsunguli haka. Na fizge da ƙarfi, ba komai. Packie ya ce nan ne wautata take. Wai pollock ba a fizgarsa, biyo ƙugiya yake yi yana ɗanɗanawa, sai dai a ci gaba da naɗi kamar ba a ji ba, har ya haɗiye da kansa ya juya ƙasa. Na ce ni ba a taɓa ni in yi kamar ban ji ba. Ya ce ai duk ƙauye an sani.

Ƙugiya ta ƙarshe mai gashi ta tafi a ciyawa. Na gaji, wallahi na gaji.

Asabar, 29 ga Yuli

Packie ya ba ni ƙugiyoyinsa masu kifin roba mai ƙyalli, irin na kanti. Kifin ko kallonsu bai yi ba, ko kuma ni ce ban iya ba, oho.

Wani sabon abu. In na sunkuya gyara masa matashi, sai Condy ya kama gashina ya riƙa ja. Yau har na ji zafi, na buge hannun. Na san abin da yake gani. Tun Maris ban samu sukunin yin rini ba, furfura ta fito daga tushe fari fat, ta kai tsawon yatsa, baƙin ya koma ƙarshe kamar jelar tunkiya. Ko a wannan hali sai ya yi min ba'a. Na ce masa shi ma ba yaro ba ne, na fita na bar shi.

Wandonsa ba ya zama a ƙugu. Na ƙara wa bel ɗin huda.

Laraba, 9 ga Agusta

Sorcha ta zo. Ta ga tabon gwiwata, ta hau faɗa, wai so nake ta binne mu biyu a bazara ɗaya. "Mama, ba kifi ne ciwonsa ba. Ki daina." Ina tsoron gaskiyarta ce.

Tana taje min kai da yamma, ta ce ta tuna yadda babanta ke tsokanata duk ranar da na yi rini: "Tsohuwa, kina ɓata min abin kamun kifi da baƙin fenti." Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na miƙe na ɗauko almakashi.

Ashe ba ba'a yake ba. Kwana nawa yana gaya min da hannu ɗaya, ni kuwa na buge hannun.

Juma'a, 11 ga Agusta

Na yanko gashina daga bayan kunne, na datse baƙin, na ɗaure farin a ƙugiya da jan zare. Ɗaurin bai yi kyau ba.

Ruwan teku na cikowa gindin dutsen na wurga ƙugiyar, na bari ta nitse, na fara naɗi. Tsunguli ya zo. Hannuna har ƙaiƙayi yake in fizge, na cije leɓe na ci gaba. Ya sake taɓawa. Sai sandar ta lanƙwashe har ina jin za ta karye, kifin ya nufi ciyawa, na ƙi ba shi zare, ina zaginsa da sunan Condy. Ya fito, ruwan tagulla, tsawon hannuna.

Na kai masa ɗaki ɗanye, da ƙugiyar a baki. Ya dubi ƙugiyar, ya dubi gurbin da ke kaina, rabin bakinsa ya yi dariya. Ya ci kusan rabi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon maƙogwaronsa yana motsi.

Litinin, 28 ga Agusta

Makon jiya nas ta auna shi. Ta ce ramewar ta ɗan tsaya, amma bai isa ba, ga haɗiya tana ba shi wuya. Na yi magiya, na yi masifa. Yau da safe motar gidan tsofaffin ta zo. Bai kalli teku ba da suke fita da shi, ni yake kallo.

Da na gane tun Yuli.

Laraba, 6 ga Satumba

Gidan ya yi girma. Kyanwa tana kwana a kujerarsa, ban kore ta ba.

Na kai masa kifi jiya, a naɗe cikin tsumma, da ɗuminsa. Loma uku. Ya laluba bayan kunnena, ya tarar da sabon gurbi a ɗaya gefen.

A hanyar dawowa na shiga kantin magani, na ɗauki kwalin rini, na juya shi, na mayar. Na gaya wa mai kantin launin ne bai yi min ba.

Na tsani dutsen nan har yanzu, ina jin. Ruwan teku zai cika da la'asar, lokacin kamu ke nan.