Ta Ƙarshe a Matakalar Bene

Baba,

Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fatan ka tashi lafiya. Yaya tarin da ke damunka? Allah Ya ƙara sauƙi. Na san za ka yi mamakin wasiƙa alhali bango ɗaya ya raba ɗakunanmu, amma ka san ni da nauyin baki.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: da gangan nake zuwa ta ƙarshe.

Tun da sanyi ya hana mu fita, ka ce ba za mu ƙudundune cikin bargo jiki ya mutu ba. Ka kafa mana tsere: kowace safiya mu sauka ƙasan bene mu hau da gudu, wanda ya zo ƙarshe shi ne da wanke-wanke da ruwan sanyi. Kai da su Auta kuna gaba kuna ta ihu. Mama kuwa tana baya, ta riƙe ƙarfen matakala tana cije leɓe, gwiwarta a kumbure. Ta hana ni gaya maka, wai kada ta ɓata maka abin da ka shirya don lafiyarmu. Shi ya sa nake durƙusawa ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba, har sai ta wuce ni.

Ladan da na samu, ka sa min Kunkuru, wai littattafan soyayya ne suka kashe min jiki. Yatsuna duk sun tsage, ko shafi zan buɗe sai na ji zafi. Jiya ɗan maƙwabtanmu na sama, wanda ban taɓa iya haɗa ido da shi ba, ya matsa gefe yana dariya, ya ce a ba Kunkuru hanya. Maganar farko da ya taɓa yi min ke nan, Baba, kuma a bakinka ya tsince ta.

A littattafan da kake yi wa dariya, miji daga takun matarsa yake gane ba ta da lafiya. Dā na ɗauka haka ake yi a ko'ina.

Yanzu kuma ka ce daga gobe sau biyu za mu riƙa hawa. Mama ta yi maka murmushi, ta shiga kicin ta zauna a ƙasa tana matsa gwiwa.

Na so in cusa takardar nan cikin littafi in yi shiru yadda na saba. Na fasa. Gobe zan yi gudu iya ƙarfina, in jira ka a sama, in miƙa maka ita hannu da hannu. Kafin ka buɗe, ka leƙa ƙasa ka ga wadda aka bari.

Ka huta lafiya, Allah Ya ƙara girma.

Babbar 'yarka.